Bandir Ɗin da Ya Sha Danshi

Tun shekaranjiya rana ba ta leƙo Birnin Kudu ba. Ruwa ake yi sannu a hankali, ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa, irin wanda muke kira marka. Da na buɗe shago yau da safe, warin jiƙaƙƙiyar takarda ya tarbe ni a bakin ƙofa. Na tsaya da makulli a hannu ina tuna wata damina, shekara goma sha wani abu da suka wuce, lokacin da watan azumi ya faɗo a tsakiyar marka.

Waɗanda suka fara azumi a 'yan shekarun nan ƙishirwa suka sani. Mu a waccan shekarar ba mu yi ƙishirwa ba, domin ko iskar da muke shaƙa jiƙaƙƙiya ce. Yunwa muka yi.

Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke gero yana shirin fidda kai, abin da muka kwaso daga gonarmu ta hanyar Wurno bai kai mu lokacin shuka ba. Yayana Sabo, wanda yake riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinmu, ya sayar da shanun nomanmu ya sayi wata tsohuwar ƙaramar bas, da niyyar jigilar fasinja daga Birnin Kudu zuwa Gwaram har Basirka. Mun sa rai masarar fadama za ta riƙe mu kafin motar ta fara kawo wani abu. Sai sabuwar damina ta zo da ruwan da ya wuce ƙima, fadama ta cika, masara ta ruɓe a tsaye.

Kwanakinmu iri ɗaya suka zama. Da sahur Talatu, matar Yaya Sabo, takan jiƙa garin kwaki a babban kwano, mu sha a tsaye. Da hantsi ita da Inna, mahaifiyarmu, su yafa buhu a ka su fita bayan gari su tsinko tafasa da rama. Daga azahar ake fara faman hura wuta, domin itacen duk ya sha ruwa, hayaƙi ya cika gida kafin a ga harshen wuta. Da magariba kunun tsamiya ne tsululu, sai kwaɗon ganye da ɗan ƙuli-ƙuli don ƙamshi. Yara sukan gama nasu su zauna suna kallon kwanon manya. Ashana ba ta kamawa, gishiri ya narke a gwangwani, wanki ya kwana a igiya ya tashi da wari.

Motar kuwa tana tsaye a ƙofar gida. Masu tasha sun kafa doka tun da rani, saboda baƙin motoci da ke kwashe musu fasinja a bakin titi: duk bas ɗin da za ta yi lodi a layin Gwaram sai an manna mata shuɗin layi mai ƙyalli a gefe biyu, daga hanci har wutsiya, da sunayen garuruwa a yanke a cikinsa. Fenti ba ya shiga lissafi. Yaya Sabo ya samu gurbin wani direba da ya koma Kano, aka ce masa ya kawo motarsa da layinta ranar kasuwar Gwaram mai zuwa. In bai kawo ba, akwai masu jira. Ba mu da shanu, ba mu da masara, wannan gurbin ne kaɗai ya rage tsakaninmu da roƙo.

Yankan layin aikina ne, domin ni ke da injin yanka sitika a unguwarmu, kuma ni na yi wa sauran direbobin nasu da rani. Abin da ya rage na bandir ɗin shuɗin sitikan, wanda yake zuwa a naɗe, tsawon bas ne sau biyu da ɗan ƙari. Faɗinsa yana ɗaukar layi biyu kafaɗa da kafaɗa, wato ina da damar gwaji biyu. Yau in kaya ya ƙare, waya nake bugawa Kano, kafin la'asar wani direba ya sauke min. A lokacin ruwa ya cinye hanyar, motocin da suka tafi ba su dawo ba.

Injin ba shi da wuyar fahimta. Wata 'yar wuƙa ce kamar tsinin allura take zirga-zirga dama da hagu, shi kuma sitikan yana tafiya gaba da baya a ƙarƙashinta. Ƙananan tayoyin roba biyu ne suke danne bakinsa a kan wani ƙarfe mai kaushi da ke juyawa. A gajeren aiki, irin lambar babur ko sunan shago, ko an sa shi a ɗan karkace ba wanda zai gane. Dogon yanka ne ke tona asiri. Karkacewar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba a farko takan zama faɗin yatsa a tsakiya, kafin ƙarshe baki ya suɓuce daga ƙarƙashin taya.

Kwanon shagona ya fara yoyo tun farkon marka, don haka na kwashe inji da kwamfuta zuwa zauren gidanmu, na ba Inna bandir ɗin ta adana min a ɗakinta. Wutar lantarki ta daɗe da ɗaukewa, tun da iska ta kayar da turaku. Maƙwabcin shagona, Sunday mai gyaran janareto, wanda ya zo garin daga kudu tun yana saurayi har Hausarsa ta fi ta wasunmu, ya ce zai ara mana ƙaraminsa, amma ba shi da fetur. Fetur ɗin da muke da shi a duniya shi ne wanda ke tankin bas.

Yaya Sabo ya zura tiyo a tanki, ya kai bakinsa, sai ya tsaya.

“In ya wuce min maƙogwaro fa? Azumin ya tafi ke nan.”

“Kawo nan,” in ji Sunday. “Wato ni da ba na azumi ni zan yi buɗa-baki da fetur a madadinku.”

Ya zuƙa, ya tofar, ya goge baki da hannun riga. Yaya Sabo yana tsaye a kansa yana kallon galan, bai bari ya kai rabi ba ya zare tiyon. Abin da ya rage dole ya kai motar Gwaram.

Muka shimfiɗa tabarmi a gaban inji da bayansa. Na daidaita bakin sitika da layukan da ke jikin injin, na sauke tayoyi, na gwada shi gaba da baya kamar tsawon gaba biyu, kamar yadda na saba. Ya ɗan motsa, amma bai kai abin damuwa ba. Na danna.

BIRNIN KUDU ya fita tsaf. Wajen tsakiyar GWARAM na ga bakin hagu ya fara barin layinsa. Na sa yatsa na tare, ya ƙi. Injin ya kai ƙarshe, sannan ya jawo dukkan tsawon sitikan baya da gudu don ya zana dogon layin gefe. A nan ne bakin ya fice daga ƙarƙashin taya. Na ji ƙara kamar an taka busasshen kara, sitikan ya tattare ya cushe, wuƙa ta bi ta kansa a gicciye ta yanka layukan biyu. Kafin hannuna ya kai ga makunni, rabin abin da muke da shi ya tafi.

Sunday ya fita ya kashe janareto. Sai ƙarar ruwa a kan kwano.

“Habu,” in ji Yaya Sabo a hankali, “ka yi wa motar kowa a garin nan. Sai tawa?”

Na duba tayoyin, lafiyarsu ƙalau. Na goge ƙarfen, babu datti. Na sa wani guntun farin sitika na juya shi da hannu, ya tafi sak. Sannan na ɗauki ragowar shuɗin bandir ɗin na shafa bakinsa biyu. Na dama a bushe yake, sumul. Na hagu yana da sanyi, kuma takardar bayansa ta yi tattara kamar bakin siket. Ta sha ruwa ta kumbura, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Abin da gefensa ɗaya ya fi ɗaya tsawo ba ya tafiya a miƙe, ko wa ya daidaita shi.

“Kamar mota mai taya ɗaya babba, ɗaya ƙarami,” in ji Yaya Sabo. “Ko ka riƙe sitiyari sai ta ja gefe.”

Na shiga cikin gida na sami Inna tana tsince rama.

“Inna, ina kika ajiye min shuɗin nan?”

Ta tashi ta kai ni ɗakinta, ta nuna min kusurwar bayan ƙofa, inda tabarmi suke jingine a naɗe, a tsaye. Daɓen wurin ya yi baƙi saboda danshin da ke tasowa daga gindin bango.

“Na ga abu a naɗe, na sa shi cikin 'yan'uwansa,” in ji ta. “Da na kwantar da shi a ƙasa ai yara za su hau. Wani abu ne?”

“A kwance yake so, Inna. A kan gado ko a kan wani abu.”

Ta kalli kusurwar. Sannan ta ce, “To. Yanzu me za a yi?”

Saura yini biyu kasuwa. Talatu ta kawo shawarar dutsen guga. Muka gwada a kan wanda ya lalace, sitikan ya motse, gam ya tsattsafo. Muka ɗaura igiya a ɗakin Inna muka rataye ragowar, aka sa kaskon gawayi a nesa da shi, gawayin da aka tanada don kunun yara. Ya kwana ya yini. Bakin ya bushe, amma tattarar tana nan, ta ma ƙara tauri.

A yinin nan na ga yayana ya zama wani mutum. Ya je tasha ya roƙi a ƙara masa kwanaki, aka ce doka ba ta mutum ɗaya ba ce. Ya zaga garin da ƙafa cikin ruwa ko wani yana da guntun shuɗi, bai samu ba. Ya dawo ya shiga motar ya zauna a kujerar direba, ya ɗora goshi a kan sitiyari. Da aka kira magariba sai da Talatu ta kai masa kunu can.

Washegari da hantsi na kira shi zaure.

“Yaya, hanya ɗaya ce. A yanke bakin da ya lalace gaba ɗaya, a matso da taya ciki inda takarda take lafiya.”

“To yanke mana.”

“In na yanke, faɗin da zai rage layi ɗaya zai ɗauka.”

Ya dube ni kamar na zage shi. “Gefe biyu aka ce, Habu. Biyu. Motar da za ta shiga tasha da gefe ɗaya tsirara, dariya za a yi min a kore ni.”

“In na sa shi yadda yake, abin da ya faru shekaranjiya zai sake faruwa.”

“Ka riƙe shi da hannu! Mu riƙe mu duka!”

“Ba a fin injin ƙarfi, Yaya. In ka ja, harafi ne zai karkace.”

“To ka rage faɗin layin.”

“Ciyaman ɗin tasha da ma'auninsa yake dubawa. Ni na yanka masa ma'aunin.”

Ya zauna a dakalin zaure ya kama kai. “Na sayar da shanun Baba,” ya ce, ba da ni yake ba. “Na sayar da shanun Baba na sayi akwatin ƙarfe.”

Inna tana tsaye a ƙofar cikin gida, ban san tun yaushe ba. Ta ce, “Sabo, ɗaya mai kyau za ka kai, ko ba komai?” Ta juyo gare ni. “Yanke.”

Muka warware shi gaba ɗaya a kan tabarmi, daga ƙofar waje har ya shiga tsakar gida ƙarƙashin rumfa. Na ɗauko igiyar shuka, wadda muke ja don kunya ta miƙe, muka ɗaure ta tamau daga wannan kai zuwa wancan, na bi ta da alli, sannan da sabuwar reza. Kusan taƙi guda na shuɗi mai ƙyalli na zare na jefar gefe.

A wannan karon ban amince da gajeren gwaji ba. Kafin a tayar da janareto na ɗaga wuƙa, na juya ƙarfen da hannu har sitikan ya bi ta ƙarƙashin tayoyi daga farko zuwa ƙarshe, ya dawo, ina kallon bakinsa da layin inji. Ya kauce kaɗan. Na ɗaga tayoyi na gyara da abin da bai kai kaurin farce ba, na sake. Sai da na maimaita har tayoyin suka bar sawu biyu a jikin takarda, kowane zuwa suna faɗawa cikin sawunsu na baya. Na rage gudun injin zuwa mafi ƙaranci. Na jera aikin yadda zai gama kowane suna kafin ya matsa gaba, dogon layin gefe ya zo a ƙarshe.

Sannan na raba mutane. Yaya Sabo a gaba, wajen ƙofar waje. Inna a bayan inji, Talatu a can ƙarshe ƙarƙashin rumfa. Na ce kada wanda ya ja, kada kuma wanda ya bari ya taɓa ƙasa ko ya naɗe, nauyinsa kawai za su ɗauke wa injin.

“Ku ɗora shi a tafin hannu, ku raka shi. In ya zo ku ja da baya, in ya tafi ku bi shi.”

“Kamar rakiyar amarya,” in ji Sunday daga waje, ya ja igiyar janareto.

Aikin da injin kan gama kafin a sha kofin shayi, ranar nan ya zama kamar ba zai ƙare ba. Wuƙa tana tafiya da 'yar ƙararta. Inna, da ciwon gwiwarta, tana taku gaba, taku baya, hannuwa a shimfiɗe. Ni idona yana kan baki ɗaya da layi ɗaya, har suka fara rawa a gabana, na riƙa ƙiftawa. BIRNIN KUDU ya wuce. GWARAM ya wuce. Ana cikin BASIRKA janareto ya yi tari, fitilar injin ta dusashe ta dawo.

“Sunday!”

“Na ji! Ci gaba!”

Ya tsuguna cikin yayyafi ya ɗaga janareton ta gefe ɗaya, don ɗan abin da ya rage a tanki ya gangaro bakin famfo. Haka ya riƙe shi a kan gwiwarsa, hayaƙi yana dukan fuskarsa, har injin ya ja dukkan tsawon sitikan baya, ya zana layin sama, ya juyo ya zana na ƙasa. Na sunkuya na duba kusurwar da wuƙa ta fara. Ƙarshen layin ya faɗa cikin farkonsa, babu ko tazarar gashi.

Inna da Talatu ne suka ciccire haruffan da wuƙa ta yanka da allurar ɗinki, a bakin ƙofa inda haske yake. Da yamma muka tura motar ƙarƙashin rumfar wani mai faci, muka goge gefen ƙofar fasinja da tsumma har ya bushe, muka manna. Ɗaya gefen ba wanda ya kalle shi.

Ranar kasuwa da sassafe muka shiga tasha. Yaya Sabo ya shiga da hanci ya tsaya yadda gefen mai layi yake fuskantar rumfar ciyaman, ɗaya gefen kuma yana kallon katanga, da wani tafkin ruwan sama a tsakani. Ciyaman dattijo ne mai ƙiba, yana zaune da carbi da takalmin roba. A kusa da shi akwai wani Ɗanlami, wanda shi ne na farko a cikin masu jiran gurbin, kuma duk garin an san abin da ya faru a zaurenmu.

Ciyaman ya taso ya ɗora ma'auninsa a farkon layin, ya ɗora a tsakiya, ya ɗora a ƙarshe. Ya bi shi da yatsa har wutsiyar mota. Nan ya tsaya a bakin ruwan.

“A zagaya, Alhaji,” in ji Ɗanlami. “Mota ai gefe biyu gare ta.”

Yaya Sabo ya buɗe baki. “Alhaji, gaskiya ɗaya gefen…”

“Na tambaye ka?” in ji ciyaman.

Ya dubi Yaya Sabo tun daga fuska har ƙasa, ya dubi rigar da ta yi masa yawa a wata guda. Sannan ya dubi ruwan da ke gabansa.

“Ɗanlami, da azumi a bakina, da sanyin ƙashin nan, kake so in shiga tafki? Ni abin da idona ya gani shi nake faɗa. Na ga layi, kuma a miƙe yake.” Ya juya ya nufi rumfarsa, sai ya tsaya. “Sabo, yi lodi. Amma ka ji da kyau. Har ranar da hanyar Kano za ta buɗe, kada ka kuskura ka juya motar nan a gabana.”

Kafin hantsi ta cika: masu awo, mai kaji, mata da ƙullin kaya, wani da buhun gishiri a cinya. Ƙofar fita tana bayanmu, a can ƙarshen tasha, kuma babu inda za a juya sai filin da ke gaban rumfar ciyaman. Yaya Sabo ya tayar da mota, ya leƙo da kai ta taga cikin yayyafi, ya sa giyar baya. Ya fara ja a hankali ta cikin taɓo, yana ratsa tsakanin motoci, 'yan kamasho suna matsawa suna buga masa jikin mota. Ina biye da shi a ƙasa, hannuna a kan ƙarfe.

Wata tsohuwa da ke kujerar gaba ta riƙe ƙullinta da kyau ta ce, “Direba, lafiya? Gwaram ɗin baya ta koma?”

“Yi haƙuri, Hajiya,” in ji Yaya Sabo, idonsa yana kan hanya. “Kwanan nan ta nan ake bi.”

Sai da tayoyin baya suka hau kwalta ya sa giyar gaba.